Daga Maigatari zuwa Tenere: Tarihin Shirin Tafiyar Hamada

Maigatari ce gari na ƙarshe a ƙasar Gumel kafin a taka Jamhuriyar Nijar. Daga Kano zuwa Gumel tafiyar kilomita wajen 120 ce, daga Gumel kuma a ƙara ashirin da 'yan kai sai ga bakin iyaka. Bayan shingen kwastan hanya ta miƙa zuwa Dungas, ta isa Damagaram, ta haura Tanut da Agadas. A can ta rabu biyu: reshe ɗaya ya bi ta Arlit ya shiga Aljeriya, ɗayan ya ratsa rairayin Tenere zuwa Bilma da Libiya. Wanda ya bi ta tun daga tushe zai keta ƙasar Mangawa da Hausawa, da makiyayar Fulani, da ƙasar Buzaye, ya ƙare a hannun Barebari da Tubawan Kawar, kuma zai bi ta gefen gandayen daji biyu da ke cikin mafi girma a Afirka. Gandayen na baya-bayan nan ne. Hanyar kuwa ta daɗe, kuma a kowane zamani shirin binta ya fi tafiyar kanta cin lokaci, domin matafiyi ba ya ɗaura kaya sai ya san inda ruwa yake, da watan da hanya ke biyuwa, da wanda zai nemi yardarsa a kowace ƙasa da zai taka.

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta kafu ne a tsakiyar ƙarni na 18 a hannun Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa. Ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba lokacin jihadi. Ta ci gaba da kai gaisuwa Barno. Fadarta ta zauna a Tumbi, garin da yanzu yake cikin Nijar, kafin a dawo da ita Gumel a zamanin Sarki Ɗan Tanoma, wanda ya hau gado a 1828. Wannan zama tsakanin manyan dauloli, Kano a yamma, Haɗeja a kudu maso gabas, Damagaram a arewa, Barno a gabas, ya jawo mata yaƙe-yaƙe masu yawa, amma shi ne kuma ya mai da ita mashigar fatake. Babbar hanyar ayarin Tarabulus ba ta Gumel take bi ba, ta fi karkata yamma, wajen Ɓaɓura da Daura. Abin da Gumel ta riƙe shi ne hanyar Kano zuwa Kukawa, da kuma cinikin kanwa.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Gumel a watan Maris na 1851 kan hanyarsa ta zuwa Barno, ya kuma rubuta cewa garin ne babbar kasuwar kanwar da ke fitowa daga Muniyo da gaɓar Tafkin Cadi ta nufi ƙasar Nufe. Barebari kan kawo ta nan su sauke, fataken Hausa su ɗora wa jakuna da takarkarai su yi kudu da yamma da ita. Kanwa ba ƙaramar haja ba ce a lokacin: da ita ake kiwon dabbobi, ana sa ta a miya da kunu, ana haɗa ta da taba, ana magani da ita. Da Barth ya sake biyowa ta garin a ƙarshen 1854, ya tarar da shi ya yi kufai-kufai saboda rikicin gadon sarauta da ya biyo bayan rasuwar Ɗan Tanoma. Cikin ƙasa da shekara huɗu kasuwar da ake tururuwa ta zama wurin da ake kauce wa. Shi ya sa fatake ba sa dogara da labarin bara. Kafin su tashi sukan tambayi wanda ya dawo jiya.

Ayari ba tarin matafiya ba ne kawai, ƙungiya ce mai shugabanci. A bisa kowa akwai madugu, uban tafiya, wanda ya san zango-zango da rijiya-rijiya, ya san sarakunan hanya da abin da kowannensu ke karɓa. Shi ke ciniki da masu ƙasa kan kuɗin wucewa, sa'an nan ya kasa wa 'yan ayari gwargwadon kayan kowa. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na kula da tsaro, malamin ayari kuma shi ke duba ranar tashi, ya yi addu'a, ya riƙe lissafi da wasiƙu. A kowane babban gari akwai zango a bayan ganuwa, da fatoma mai saukar baƙi wanda ke ajiye kaya, ya nemo dillali, ya tsaya wa baƙonsa in rigima ta taso. Unguwar Zango ta Damagaram da haka ta faro, masaukin Buzaye da fatake a wajen Birni, kuma a nan attajirin nan Malam Yaro ya yi zamaninsa a ƙarshen ƙarni na 19.

Daga Damargu, bayan Damagaram, zuwa arewa jaki ba ya da amfani, sai raƙumi, raƙuma kuwa na Buzaye ne. Attajiran Kano da Larabawan Gadamas ba su cika mallakar raƙuman da ke kai kayansu Gat da Tarabulus ba. Sufuri suke biya, galibi ga Kel Ewe na duwatsun Azbin. Wannan ya ɗaure ɓangarorin biyu da igiya ɗaya. Ba'azbine na bukatar geron ƙasar Hausa da turkuɗin Kura da yake naɗa rawani da shi, Bahaushe kuma na bukatar raƙuminsa da rakiyarsa. Abin da ke haurawa arewa ya haɗa da fatu da ƙiraga, da gashin jimina, da hauren giwa, da tufafin rini, da kuma bayi, waɗanda da yawansu ƙafa suka taka har bakin teku, wasu kuma ba su kai ba. Barth da abokan tafiyarsa, Richardson da Overweg, sun ɗanɗana abin da ke samun wanda ya shiga Azbin ba da ƙwaƙƙwaran majiɓinci ba: a 1850 an tare su a bakin duwatsun, aka tatse su, ba su sami sakewa ba sai da suka shiga inuwar Annur, dattijon Kel Ewe na Tintellust. Da ayarin gishirinsa suka gangaro Damargu a farkon 1851.

Ayarin gishirin nan, wanda ake kira azalai, shi ne ya fi kowane nuna yadda ake tsara tafiyar hamada. Shekarar Kel Ewe gaba ɗaya a kansa take juyawa. Da damina raƙuma na kiwo a ƙoramun Azbin har su yi ƙiba. Da kaka, wajen watan Oktoba, zafi ya fara sauka, sai a shiga yankan ciyawa ana ɗaurewa dami-dami, domin daga gindin duwatsun zuwa Faci da Bilma, tafiyar ɗaruruwan kilomita, babu abin da raƙumi zai ci. Kowane raƙumi yakan ɗauki abincinsa a bisa kayan ciniki, a kuma riƙa ajiye wasu dammunan a hanya saboda dawowa. Akan sa wa raƙuman takunkumi don kada su ja ciyawar da ke bayan na gabansu. Ana ɗura salkuna, a ɗauki itacen girki, a daka gero da dabino da cuku a yi tukuɗi wanda za a dama a sha ana cikin tafiya. In an tashi da hantsi ba a sake durƙusar da raƙuma sai dare ya raba, saboda sauke kaya da sake ɗaurawa na cin sa'o'in da ruwan salka ba zai jira ba. Ko shayi a tafe ake dafa shi, yaro na riƙe da ɗan kaskon gawayi yana kaɗawa. Madugu na gaba, da rana yana karanta inuwa da kwanciyar rairayi, da dare yana bin taurari.

A Bilma da Faci, Barebarin da ke zaune a can suna haƙa ramuka su bar ruwan gishiri ya ƙafe a rana. Mai kyau, fari, na miya, shi ne beza. Wanda aka cuɗa da ƙasa aka zuba a mazubi ya daskare shi ne kantu, na lasar dabbobi. Mutanen Kawar ba sa noman hatsin da zai ishe su, don haka gero ne kuɗin da ya fi daraja a wurinsu; da shi ake musayar gishiri da dabino. Ayari kan koma Azbin ya ɗan huta, sa'an nan ya gangaro kudu: Damargu, Damagaram, Tasawa, har ƙasar Kano da kasuwannin bakin iyakar yau. A nan Buzaye ke cin rani. Raƙumansu na kwana a gonakin da aka girbe suna cin kara, suna bar wa mai gona taki, shi kuma yana sallamar su da dammunan gero. Kafin ruwan farko ya faɗi sun kama hanyar gida, saboda damina ta kudu da ƙudanta ba sa yi wa raƙumi daɗi. Tafiyar da ta fara da kaka ba ta ƙarewa sai bazara.

Zuwan Turawa bai kawar da lissafin rijiyoyi ba, har ma shi ya zana iyakar da ta bi ta bayan Maigatari. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a garin a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Ingilishi kuma suka karɓi mubaya'ar Sarkin Gumel Ahmadu a 1903. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1898 ta bar wa Faransa hanyar da ba ruwa tsakanin Kogin Kwara da Damagaram, ayarin sojanta na wahala a kai. Saboda haka ta matsa aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu domin ta sami layin rijiyoyi har Tafkin Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu. Da aka gama, Tumbi ta faɗa hannun Faransa, Gumel ta zauna hannun Ingila, dangi ɗaya suka wayi gari da haraji biyu da kuɗi iri biyu. Maigatari, da ta sami kanta a daidai bakin layin, daga wannan rabuwa ta ci moriya.

Cinikin Tarabulus ya riga ya fara tangaɗi tun kafin nan, ga rashin tsaro a Damargu, ga faɗuwar kasuwar gashin jimina. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya ƙarasa shi, domin kayan da raƙumi ke kaiwa bakin teku cikin watanni, yanzu ta Ikko suke bi cikin kwanaki. Sai ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Sai kuma tawayen Buzaye ƙarƙashin Kawusan, wanda ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917. Ramuwar da Faransawa suka yi ta yi muni: an kashe malamai da dama a Agadas, an kwashe raƙuma, ƙauyukan Azbin suka watse, Buzaye masu yawa suka gangaro kudu suka zauna a ƙasar Damagaram da Kano. Raƙuman da suka tsira sun sami sabon aiki, dakon gyaɗa zuwa tashar jirgi. Da aka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru, aka gama a 1930, ya bi ta Gagarawa, sai gyaɗa da ƙaro da fatun ƙasar Gumel da na ƙetaren iyaka suka sami mafita kusa. Ayarin gishiri kaɗai ya ƙi mutuwa, don ba jirgin da ke zuwa Bilma.

Mota ta fara ƙetare Sahara ne tsakanin ƙarshen 1922 da farkon 1923, lokacin da motocin Citroën masu ƙafar sarƙa suka tashi daga Aljeriya suka isa Tumbutu. Tawaga ta biyu ta kamfanin ta biyo ta Yamai da Damagaram a 1924 kan hanyarta ta zuwa Cadi. A shekarun 1930 wani kamfanin Faransawa, SATT, ya riƙa jigilar fasinja da wasiƙu daga birnin Aljas ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram har Kano, da masaukai da ma'ajiyar fetur a hanya. Tsarin zango ne aka sake wa tufafi: inda madugu ke ajiye ciyawa, direba na ajiye duro. Hukumar mulkin mallaka ta kuma kafa ƙa'ida, wato mota ba ta barin wani bariki sai an rubuta ta, kuma in ba ta isa na gaba a kan lokaci ba a fita nema.

Bayan samun mulkin kai a 1960, abubuwa biyu suka ƙara buɗe arewa. Na farko ma'adinin yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971, wanda ya sa aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. Na biyu 'yan yawon buɗe ido. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar Peugeot su ƙetaro da ita ta Aljeriya, su sayar a Agadas ko Damagaram ko Maraɗi, kuɗin ya biya musu jirgin komawa. Ba kaɗan ba daga cikin motocin nan suka ƙare a tashoshin arewacin Nijeriya. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Tenere, ya sa sunan Agadas a bakin duniya. Buzaye irin su Mano Dayak suka buɗe kamfanonin rakiya, 'ya'yan madugai suka koma jagororin Land Cruiser. Baƙi na zuwa ganin hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka a farkon ƙarni na 16, da lambunan Timiya da Iferwan, da zanen raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a dutsen Dabus tun ƙasar tana da ruwa, da taron makiyaya na Ingal a watan Satumba.

Motar da ta kawo baƙi ta kawo ɓarna. Akwai wata ƙaya guda tilo a tsakiyar Tenere, kusa da wata rijiya, wadda azalai ke saiti da ita tun kaka da kakanni, ba mai karya reshenta ko don dafa shayi. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe. Namun daji ma haka suka ji a jikinsu. Mafarauci a kan raƙumi sai ya yi dabara kafin ya sami barewa ɗaya. Mai mota da bindiga kuwa bin garke yake har ya faɗi don gajiya. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1984 ya haɗu da wannan farauta, mariri mai dogon ƙaho ya ɓace daga Nijar ƙaf, ɗan'uwansa na cikin rairayi da ake kira adaks ya koma 'yan tsiraru.

Wannan ne ya haifar da gandayen. Mafi tsufa a yankin shi ne na Gadabeji, arewa da Dakwaro a jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955. A 2018 an kai masa raƙuman dawa daga Kure don su sake yaɗuwa. A 1988 gwamnatin Nijar ta kafa Gandun Azbin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, da wani yanki a tsakiyarsa da aka haramta wa kowa shiga saboda adaks. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka kuma ta mai da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tawayen Buzaye da ya ɓarke a 1990. Kafin a sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, jiminun Azbin sun kusa ƙarewa. 'Yan kaɗan da suka rage a hannun mutane su ake kiwo yanzu a Kelle, ƙasar Gure. Na uku, Gandun Termit da Tin Tumma, an kafa shi a Maris na 2012 da faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, kuma shi ya fi kusa da mai tasowa daga Maigatari, ta Damagaram da Gure da Taskar. Sai dai ya haɗa iyaka da rijiyoyin man Agadem, waɗanda ke ciyar da matatar Damagaram tun 2011. Wani bincike da aka yi a 2016 adaks uku kacal ya gani a yankin, a 2019 kuma gwamnati ta sake zana iyakar gandun ta fitar da wuraren haƙar mai.

Ba a kori mutane daga waɗannan gandaye ba, kuma da wuya a iya. Buzaye na zaune a ƙoramun Azbin da lambunansu da awakinsu, Tubawa da Larabawa da Fulani na kiwo a kewayen Termit. Kowace rijiya da mai ita: dangin da suka haƙa ta su ke fara shayarwa, baƙo ya yi sallama ya jira. Takardar ma'aikatar gandun daji ba ta ɗauke wa matafiyi wannan ladabi ba, ƙari ce a kansa. A nan ne masu tsara tafiya daga nesa suka fi yin kuskure, su ɗauka cewa hatimin hukuma ya isa. Jagoran da aka ɗauka a Agadas na iya zama baƙo a Termit, domin ƙasar Tubawa ce, kuma wanda ya san rairayi bai zama lalle ya san mutanen da ke cikinsa ba.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara tsananta sha'anin izini. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, ya bar nakiyoyi a wasu hanyoyin Azbin. Sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010 ya kusa kashe yawon buɗe ido baki ɗaya. Jagorori da direbobi da yawa suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, ko masu neman zinariya bayan an gano ta a Jado a 2014. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta sa direbobi kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun jandarmomi, abin da ya ƙara yawan masu mutuwa da ƙishirwa. An soke ta a Nuwamban 2023. Tun kafin dokar ma, a Oktoban 2013, an tsinci gawar mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance, bayan motocinsu biyu sun lalace. Kance ba ta da nisa da ƙasar Daura da Gumel, kuma labarin ya girgiza ƙauyukan bakin iyaka.

Ita kanta ƙofar Maigatari ta sha buɗewa da rufewa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shige da fice ba biza. A Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, kuma Maigatari na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamban 2020, tare da Illela da Seme da Mfum. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufewa har zuwa Maris na 2024, sa'an nan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Duk lokacin da aka rufe, kasuwar Alhamis ce ke fara ji. A ranar da take ci sosai, tun daren Laraba garkunan raƙuma da shanu da tumaki ke kwararowa daga Nijar, wasu daga Cadi. Dillali na riƙe da akalar amale yana buɗe masa baki a ga haƙori, mai saye na taya, mai dabba na cewa albarka har a kai ga sallamawa a cire la'ada, 'yan canji na gefe da damin sefa da naira, tireloli kuma na jere suna jiran lodi zuwa kudu. A rumfunan shayi na kasuwar nan ne ake samun labarin hanya da ya fi na kowace taswira sabunta: wace gada ruwa ya cinye, wane shinge aka ƙara, ina aka yi fashi makon jiya.

Mai shirin tafiya da mota a yau yana fara lissafi ne da wata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, duk da hazon hunturu da sanyin dare mai shiga ƙashi a Tenere. Bazara na dafa inji da mutum, damina kuma na cika ƙoramun Azbin da ruwa farat ɗaya su yanke hanya. Sai takardu: fasfo, katin allurar shawara, takardun mota da inshorar da ke aiki a ƙetare, da izinin shigar da mota daga kwastan. Daga Damagaram zuwa Agadas kilomita wajen 450 ne ta Tanut da Adarbisanat. Daga Agadas zuwa gabas kwalta ta ƙare, ba a kuma fita da mota ɗaya. An saba motocin Dirku, a ƙasar Kawar, su taru su tashi a bayan rakiyar soja, baƙi 'yan ƙasashen waje kuwa hukuma kan wajabta musu rakiya ta musamman, wani lokaci ta hana su fita gari sam. Kayan da ake ɗauka sun haɗa da jarkokin mai na zuwa da dawowa, da ruwan da ya ninka na kwanakin da aka ƙiyasta, da safaya biyu, da shebur, da faranta na ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse, da wayar Thuraya, da bakanike. In an shiga rairayi mai laushi akan rage iskar taya. Jarkar sha kuma akan naɗe ta da buhu a jiƙa, a rataye a jikin mota iska ta sanyaya ta. A bayan Hilux ɗin 'yan ci-rani ana kafa sanduna a tsakanin kaya, kowa ya rungumi ɗaya da ƙafafunsa a waje, domin wanda barci ya kwashe ya faɗo da dare ba lalle a ji faɗuwarsa ba.

Wanda bai da halin wannan doguwar hanya, ko ya ga tsaro bai ba da dama ba, yana da wata a cikin gida. Daga Gumel ana bi ta Haɗeja zuwa dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai da hunturu, wanda kuma yake cikin sababbin gandayen ƙasa goma da gwamnatin tarayya ta amince da su a 2020. Daga nan sai Nguru da Gashuwa, inda Dagona take, sai Yusufari a jihar Yobe, mai tuddan rairayi da kwarurrukan dabino da kanwa na Bulatura da Tulo-Tulowa. Dagona da Bulatura ɓangarori ne na Gandun Ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. Ruwan dausayin ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala kuma ta toshe magudanai da dama, amma Badawa da Mangawa da Fulani na nan suna su da noma da kiwo a cikinsa. Ko a nan ma, daga Yusufari zuwa tuddan sai mota mai jan ƙafa huɗu da ɗan gari a gaba, kuma akan fara sauka ne a ƙofar hakimi ko lawani kafin a wuce.